Kalmar da Baffa Ya Kawo Daga Cirani

Ranar kasuwar da ta wuce ina tsaye a tasha da kwandon tumatir ɗina, sai wani direba ya yo baya da mota ya ture shi. Ya leƙo ta taga, haƙora a waje, ya ce, "Mistek ne, Hajiya." Ni da ko ƙofar jirgi ban taɓa gani ba, ga shi an ba ni Hajiya kyauta don in yi shiru. Na kuwa yi. Na duƙa ina tsince tumatir cikin rairayi, mutane suna ta ba ni haƙuri, a zatonsu asarar ce ta sa idona ya kawo ruwa. Tumatir ɗin me? Kalmar ce ta taɓa ni a inda ta saba taɓa ni tun ina 'yar shekara bakwai.

In kai mutumin yankin nan ne, ka san ta. Turancin Najeriya ne, ta shigo mana cikin jakar 'yan cirani tare da sabulu da atamfa da rediyo. Mu a lakwal, wato makarantar boko, Faransanci aka koya mana, kuma kalmar da mushe, malaminmu, yake kiran kuskuren rubutu da ita, wato fot, ba ta zuwa ita kaɗai, kowace ɗaya da bulalarta. Mistek kuwa dariya ce abokiyar tafiyarta. Ƙananan abubuwa ake kira da ita, waɗanda suke wucewa kafin a rufe baki: mutum ya saka takalmin wani a ƙofar masallaci, mai shayi ya zuba sukari sau biyu, mai dara ya dasa ɗa a ramin da bai nufa ba. A yi dariya, a gyara, a manta. Kuma da wuya ka ji mutum ya ce shi ya yi ta. "Mistek ne," ko "mistek aka samu," sai ka ce ruwan sama ne da ba hannun kowa a ciki.

Gidanmu Baffa ne ya kawo ta, ƙanen mahaifina, autan Kaka. Irin gidajen Matameye ne da ka sani: da an ɗaure gero an cika rumbu, maza su rataya jaka su tsallaka iyaka, a bar mata da tsofaffi da mu yara. Ba za a sake ganinsu ba sai gawo ya fara zubar da ganye, hadari ya fara leƙowa ta gabas. Mahaifina ga-ruwa yake yi a Kano, kowace shekara ya dawo kafaɗunsa sun yi kanta, bakinsa ya ƙara nauyi. Shi kuwa Baffa Allah ya haɗa shi da wani mai kemis, shagon sayar da magani, yana yi masa shara da ɗaukar kwali. Rani biyu ya yi yana kallon yadda ake yi wa mutane allura. A na uku ya dawo da baƙar jaka mai zik, da sirinji na gilashi, da wani gwangwanin madara da yake dafa allura a ciki. Samarin unguwa suka sa masa Dokta, bai ce a'a ba.

Ba zan zalunce shi ba, Baffa mutum ne mai shiga rai. Shi ne mai alawa a aljihu, shi ne mai ɗora ni a wuya ya zagaya da ni tsakar gida yana kwaikwayon ƙarar mota. In yana ba da labarin Kano, har masu daka sai sun dakata. Kaka kuwa in tana kallonsa, ka rantse ita kaɗai ta taɓa haihuwa a garin. Ko tuwo ya zubar, ko ƙotar fartanya ya karya, sai ya ɗaga hannu ya ce mistek ne, kuma ita ce ta farkon dariya.

Ni ma sai abin ya ba ni sha'awa. Wata safiya Kaka ta aike ni karɓo nono wajen Bafillatana a ƙofar gida, na yi tuntuɓe da dokin ƙofa, ƙwarya ta rabu biyu. Na miƙe na karkaɗe zane, na ɗaga hannu yadda na ga Baffa yana yi, na ce, "Mistek ne, Kaka."

Baffa ya yi dariya har ya kwanta a tabarma. Kaka ba ta yi ba. Kunnena ta kama ta murɗa.

"Ke kin je Kanon ne? Wannan ganganci ne, kuma wajen uwarki kika gado shi."

Ran nan na gane kalmar tana da masu ita, wato waɗanda suka tsallaka iyaka. Mu mata namu sunayen daban ne: ganganci, sakaci, rashin hankali. Su kuwa ba mai dariya in an faɗe su.

Dole in gaya maka matsayina a gidan, in ba haka ba ba za ka gane abin da Iya, mahaifiyata, ta yi ba. Ni ce 'yar fari. A lokacin, mace mai tarbiyya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce, kuma da ita ake auna gidan da mace ta fito. Tun da aka yaye ni ɗakin Kaka nake kwana. Iya ba ta ce mini komai sai "ke", in tana maganata da wani ta ce "yarinyar nan". Amma kullum da safe akwai jiƙaƙƙen ƙanzon tuwo a ƙarƙashin faifai bayan randa. Ba wanda ya taɓa ce mini nawa ne, na dai sani.

Cikin malka abin ya faru, gero ya kai wuyan mutum, ƙasa kullum a jiƙe, sauro ya addabi kowa. Zazzaɓi ya kama ni, kwana biyu ina rawar ɗari a gadon karan Kaka. Rana ta uku mahaifina ya yi sammako zuwa gonarmu ta hanyar Dungu, don ciyawa ta kusa cinye ta. Da hantsi Iya ta zo ƙofar ɗakin ta durƙusa. Ba ta kalle ni ba, ƙasa take kallo ta ce, "Da an kai yarinyar nan wajen majo." Majo shi ne babban ma'aikacin gidan likita, kuma wurin ba wani nisa gare shi ba.

Kaka ta dube ta sheƙeƙe. "Ikon Allah! Yau kuma ke ce mai 'ya? Ashe kunya ta ƙare a duniya. Ga likita cikin gida, sai mun je mun yi layi a rana wajen bare?"

Iya ta tashi ta zuba gero a turmi.

A murhun Iya Baffa ya dafa allurarsa. Kaka ta fito da ni tsakar gida, ta kifa ni a kan cinyoyinta, ta danne mini baya. Daidai lokacin wani abokin Baffa ya leƙo ta saman zana yana neman aron hauya, suka shiga zolayar juna. Baffa yana mayar masa da magana, fuskarsa tana wajen zana, hannunsa yana wajena.

Na sha allura kafin ran nan, na san zafinta. Wannan ba shi ba ne. Wata wuta ce ta tsarga daga ɗuwawuna, ta bi bayan cinya har yatsun ƙafa. Na yi ƙarar da ban taɓa yin irinta ba, Kaka ta ƙara danne ni tana cewa rakin banza, shi kuma ya ƙarasa tura maganin. Da ta tsayar da ni, ƙafata ta dama ta ƙi ɗaguwa daga idon sawu, yatsun suna kallon ƙasa. Ta ce in taka. Na taka, na faɗi.

Abokin ya riga ya tafi da hauyar. Baffa ya dubi sirinjin, ya dubi inda ɗigon jini yake, ya yi ƙasa da murya.

"Kai. Mistek."

Na ji, Kaka ta ji. Iya ma ta ji, don ƙarar daka ta tsaya. Ta ɗan jima a tsaye, sannan ta ci gaba.

Bayan kwana uku zazzaɓi ya tafi, ƙafa ba ta dawo ba. Mata suka fara shigowa dubiya, kuma kafin ta farkonsu ta zauna Kaka ta riga ta shirya abin da za ta faɗa. Shan inna ne, iska ce ta shanye ƙafar. Me ya jawo? Ai uwarta ce ta aike ta tsinko lalo da tsakar rana a gindin tsamiyar tsohuwar rijiya, wurin da ko babba ba ya zuwa in rana ta take. Gaskiya ne Iya ta aike ni tsinko lalo kwana ɗaya kafin zazzaɓin. Gaskiya ne kuma duk yaran unguwa can suke tsinkowa, har da 'ya'yan masu dubiyar, amma ba wadda ta tuna da haka. Sai su juya wajen Iya su ce, "Haba ke kuwa! Kunyar ɗan fari daban, sakaci daban." Iya ta sunkuyar da kai ta ce a yi haƙuri. Ita ce ma mai ba da haƙurin.

Mahaifina ya san gaskiya, Baffa ya gaya masa a zaure. Sati biyu aka yi ana mini turare da rubutun sha don idon mutane, sannan ya ɗora ni a keke ya kai ni wajen majo. Majo ya lanƙwasa ƙafar, ya tsikare ta da tsinke, ya juya ni ya ga kumburin da bai sace ba.

"Wa ya yi mata allura a nan?"

"Ba wanda ya yi mata," in ji mahaifina.

Majo ya dube ni. Ni kuma na dubi mahaifina, na ga jijiyar wuyansa tana motsi, na yi shiru. Majo ya ce jijiya aka soka, kuma da wuya ta koma yadda take. Ya ce ko wane ne, a faɗa masa ya sa jandarma su karɓe kayan aikin kafin a taɓa wani yaron. Mahaifina ya yi godiya, muka fito.

A hanya bai hau keken ba, turawa yake yi ina bisa. Sai da muka wuce kasuwa ya yi magana, bai waiwayo ba.

"Mistek ne aka samu. Baffanki ubanki ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kada in ji maganar allura a bakinki."

Na ce, "To Iya fa? Ana cewa ita ce."

Can ya ce, "Uwarki mai haƙuri ce."

Har yau na tsani wannan magana fiye da yadda na tsani allurar.

To ka ga abin da aka kira da sunan abu mai wucewa kafin a rufe baki, shi nake ja a bayana kullum. Na koyi ɗaga gwiwa sama in wurga ƙafar gaba, yaran lakwal suka koyi kwaikwayona. Ban sake shiga gaɗa ba, sai dai tafi daga gefe. Baffa ya ɓoye jakarsa sauran daminar, da shekara ta zagayo ya fito da ita, mutane suka ci gaba da kawo masa 'ya'yansu, tunda kowa ya san iska ce ta taɓa ni. Allah ya buɗa masa, ya kafa nasa kemis ɗin a Kano, ya yi ginin siminti a nan gida. Kowace bazara in ya dawo, tsarabata takalmi ne na roba mai kyau. Na daman yakan cinye ta baki cikin wata biyu saboda jan ƙasa, na hagun yana nan sabo. Kaka ta ce, "Kin ga yadda Baffanki yake ji da ke? Durƙusa ki gode." In durƙusa in gode.

Iya kuwa sunan ya bi ta. Matan unguwa in za su tafi biki suna barin yara a maƙwabta, ba wadda ta sake barin nata wajen Iya. In ƙanena ya faɗi ya kuje gwiwa, Kaka ta ce, "Ɗaya bai ishe ki ba?" In an kawo amarya ana yi mata faɗan zaman gida, da Iya ake ba ta misali, wani lokacin tana wurin tana taya su aiki. Ban taɓa jin ta kare kanta ba. Na yi shekaru ina jin haushinta a kan wannan shirun, har na fara tunanin ko ba ta ji abin da Baffa ya ce ba.

Sai da na kai sha biyar. An tafi suna Icirnawa, gida ya rage mu biyu, ta zaunar da ni tana mini kitso. Kaina yana tsakanin gwiwoyinta, ba na ganin fuskarta, ita ma ba ta ganin tawa. Ina jin shi ya sa ta iya buɗe baki.

"Na ji shi ran nan," ta ce.

Ban motsa ba.

"Taɓarya tana hannuna. Na ce in na yar da ita na rugo, za a ce ba ni da kunya. Sai na ci gaba da daka." Hannunta ya tsaya a kaina. "Da tun farko na goya ki na fita, ko me za a ce a ce, da yanzu kina tafiya kamar kowa. Wannan shi ne laifina, ba tsamiya ba."

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa wa mutane gaskiya.

"In faɗa wa wa? Maganata a kan ɗan gida? A ce na tona asirin gidan mijina, a kore ni in bar ku? Ni ba na neman komai wajensa. Ya tsaya a tsakar gidan nan gaban mata ya ce ba ni ba ce. Shi ke nan abin da nake so."

Sai ta kira sunana, sau ɗaya, a hankali. Shi ne na farko, kuma ban sake jin sa a bakinta ba. Ta ƙarasa kitson, ya fito a karkace, ban bari an tsefe ba sai da ya tsufa.

Daga ran nan jira muke yi, mu biyu. Duk dawowar Baffa in ce bana ne. Kaka ta rasu, na ce yanzu ba wadda zai kunyata, zai faɗa. Bai faɗa ba. Na yi aure, na haihu, na kama sana'ar kayan miya. Sai Iya ta kwanta cikin wata bazara mai zafi, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Wajen zaman makoki ina ji wata tsohuwa tana yabonta, wai baiwar Allah mai haƙuri, ba ta da wani aibu in ban da sakacin nan da ya nakasa mata 'ya. Baffa yana ƙofar gida a kan tabarma yana karɓar gaisuwa.

Bara, shekara takwas bayan rasuwarta, Baffa ya samu kujerar Makka. Ka san al'ada, maniyyaci yakan bi dangi gida-gida yana neman gafara, don kada ya je gaban Allah da haƙƙin wani a wuyansa. Ya zo gidana bayan la'asar, mahaifina yana biye da shi. Dukansu sun tsufa, gemun Baffa ya yi fari fat. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo ruwa, na durƙusa gefe.

Bayan gaisuwa ya ce, "To 'yata, tafiya ta zo. Abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba, ki yafe mini."

Amsar da ake bayarwa kowa ya san ta: ba ka yi mini komai ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Har ta zo bakina. Sai na ji na ce, "Baffa, wanne ne ka sani?"

Mahaifina ya ɗago kai. "Ke!"

Baffa ya ɗaga masa hannu. Ya dubi ƙafata, karo na farko da na ga ya dube ta sosai, sannan ya kawar da kai.

"Ai abin nan da ya faru, mistek ne, 'yata. Ƙuruciya ce. Kin san ba da gangan ba ne."

"Na sani, Baffa. Allurar ba da gangan ba ce, kana magana da abokinka hannu ya kauce. Amma shekarun da Iya ta yi ana nuna ta da baki kana gani, su ma mistek ne?"

Na ce masa abu ɗaya Iya ta roƙa, kuma har yanzu ana iya yi: ya shiga gidanmu ya tara mata, ya gaya musu allura ce, ba tsamiya ba.

"Haba 'yata, da girmana? Ina shirin tafiya ɗakin Allah in tayar da abin da ya wuce? Wanda ya mutu ya riga ya huta. Tone-tone ba shi da amfani."

Na ce, "To ƙafa tawa ce, na yafe maka ita duniya da lahira. Haƙƙin Iya kuwa ba a hannuna yake ba, balle in bayar. Sai ka je ka same ta."

Suka tashi ba sallama. Ruwan ma ba su sha ba.

Washegari mahaifina ya dawo shi kaɗai yana huci. Ya ce ai na ji daɗi, na sa tsoho yawo cikin maƙabarta. Ashe da sassafe Baffa ya ce a raka shi kabarin Iya. Suka je, suka rasa shi. Kaburburanmu ba a rubuta musu suna, damina takwas ta bi ta kansu ta daidaita su, an kuma binne wasu a tsakani. Mahaifina da ya sa ta a ramin da hannunsa ya nuna nan, ya nuna can, ya ce bai tabbata ba. Wai Baffa ya daɗe a tsaye bakinsa yana motsi, har ya yi hawaye. Don in ji tausayi aka gaya mini, na kuwa ji, ba zan ɓoye ba. Amma maƙabarta tana bayan gari, ya taka ya je. Tsakar gidanmu taku goma ce daga zaure, bai shiga ba.

Ya je ya dawo, yanzu Alhaji ne. Dangi kuwa da suka ji an ɗan samu magana a gidana, ba wanda ya tambayi dalili. Sai dai a ce da ni mai riƙo ce, ta so ta ɓata wa tsoho aikin hajji.

Zamani ya sauya, ba na musu. Masu kunyar ɗan fari a unguwarmu sun zama ɗaiɗaiku. Ni tawa 'yar farin da ƙarfi nake kiran sunanta har maƙwabta su ji, kuma tun tana jaririya in jikinta ya yi zafi ban taɓa tsayawa tambayar kowa ba. Kalmar ma ta fita daga hannun masu ita. 'Yan mata suna faɗarta, yara suna faɗarta in sun kira lambar da ba ita ba a waya, har tsofaffin da ba su taɓa tsallaka iyaka ba sun iya ta. Tunda ta yi araha haka, na yi zaton in mutane sun ji gaskiya, Iya ma za a yi mata sassauci.

Kwanan baya ina tsinkar zogale a tsakar gida da rana, na ji ta bayan katanga matar maƙwabcinmu, yarinya ce ƙarama, tana aiken ɗanta. Sai uwar mijinta ta daka mata tsawa.

"Ke! Da tsakar ranar nan? So kike ki yi irin na uwar gurguwar nan mai tumatir?"

Na ajiye faifan. Shekara talatin da biyar ina riƙe da umarnin mahaifina, ran nan ya ishe ni. Na ja ƙafata na zagaya na yi sallama. Na gaya musu duka, zazzaɓin, da allurar, da wanda ya yi ta, da abin da majo ya ce. Ina faɗa ina kuka, da girmana da furfurata.

Can yarinyar ta ce, "Allah sarki. Ashe mistek Alhaji ya yi."

"Ai kuwa," in ji tsohuwar, har da ajiyar zuciya. "Bawan Allah. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Wa ya fi ƙarfin kuskure?"

Na tsaya ina jira su ce wani abu a kan Iya. Tsohuwar ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta dubi rana, ta juya wajen matar ɗanta.

"Duk da haka dai kada ki aike shi yanzu. Ita ma uwar tata ai da ba ta aike ta ba, da zazzaɓin bai kama ta ba, balle a kai ga allura."